Ranar Tafiya

Shekara talatin Vukota ya yi a Ostireliya kafin ya dawo garinsu Risan da akwati ɗaya, da fasfo ɗin can, da ciwon huhun da likita ya ce watanni kaɗan ya bar masa. Bai faɗa wa kowa ba. Shi dai so yake ya cika a ɗakin da aka haife shi, mai taga ta wajen teku.

Yayansa Radoje ya rungume shi, ya yanko masa cuku da busasshen nama. Da suka ƙoshi sai Radoje ya goge hannu ya ce, "Kawo fasfo. Duk mai takardar waje sai an yi masa rajista kafin ya kwana biyu."

"Haba Yaya, a gidan ubana?"

"Hukuma ba ta san ubanka ba. Kai ka yar da takardar ƙasarka, ba ni ba."

Ya zaro irin takardar da yake cike wa Jamusawa 'yan yawon buɗe ido da ke kama hayar ɗakunan gidan lokacin zafi. Ya rubuta suna, ya zo layin ƙarshe.

"Ranar tafiya?"

"Bar wurin haka nan."

"Ba sa karɓa, ranka ya daɗe baƙo. Kuma ɗakin naka an riga an kama daga ɗaya ga Yuni."

A watan Maris ake. Vukota ya ƙirga watannin a ransa.

"Sa ƙarshen Mayu. Ba zan wuce ba."

Radoje ya rubuta, ya dafa kafaɗarsa. "Yauwa ƙanena. Da ma kai ba ka da rigima."