Likita da Kwamfutar Falo

Mijina likitan haƙori ne, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aikinsa. Matsalarsa ɗaya ce: tunda yana iya cire wa ƙato haƙori ba tare da ƙaton ya suma ba, sai ya ɗauka babu abin da zai gagare shi a duniya.

Wata ranar Laraba ya dawo daga aiki, ko takalmi bai cire ba, ya tsaya a tsakiyar falo yana harara talabijin kamar ta zage shi.

"Malama," ya ce da ni, don haka yake kirana saboda koyarwa nake yi, "kin san mun daɗe muna cutar kanmu a gidan nan?"

"Da me kuma?"

"Da wannan ɗan akwatin tashoshi. Kwamfuta zan haɗa mana da hannuna, in jona ta da talabijin. Fim, gem, komai a wuri ɗaya. Falon nan sinima zai koma. Saboda yara zan yi."

Yaran, 'yan mata biyu, suna kan kushin kowace da wayarta a hannu. Babu wadda ta ɗago kai. Ya ɗauki shirun nasu a matsayin godiya.

Daga nan kwalaye suka fara shigowa. Teburin cin abinci ya zama ɗakin tiyata, mu kuma muka koma ci a kan cinya har kwana goma sha biyu. Ya kwaso safar hannu daga asibiti, da ƙyallen rufe hanci, da hantsaki, har da ɗan madubin nan mai dogon mariƙi da yake leƙa bakin mutane da shi. Da shi yake leƙa lungunan akwatin kwamfutar, yana gyaɗa kai yana cewa "hmm," kamar ya ga ruɓa.

Ranar da katin hoto ya iso kuwa, har kicin ya biyo ni da shi a rungume. Wani jibgegen abu ne mai fanka uku, ya kusa kai tsawon hannuna.

"Kalle shi," ya ce a hankali. "Shi ne zuciyar abin. Duk hoton da za ki gani a talabijin, daga cikinsa zai fito."

"Allah ya raya," na ce. "Matsa, ruwa zan zubar."

Aikin bai tafi sumul ba. Wani ɗan sukuru ya suɓuce masa ya faɗa ciki, ya kwashe kusan awa guda yana jijjiga akwatin a saitin kunnensa. Ya yanke a yatsa, ya zo ya nuna mini jinin yana jiran in ce sannu. Amma a ƙarshe ya danna maɓalli, fitilu suka kawo ja da shuɗi, rubutu ya bayyana a talabijin. Ya cire safar hannu ya jefa a kwando kamar wanda ya ceci rai.

Kabet ɗin da ke ƙarƙashin talabijin nawa ne, a nan nake ajiye littattafan makaranta. Ya kwashe su ya jibge a ɗaki, ya zura kwamfutar ciki. Sannan ya kawo salatif ya ja layi a kan kafet.

"Daga nan zuwa bango, ba shiga," ya ce. "Ba shara, ba goge-goge. Ni zan riƙa kula da wurin. Kebul ɗin da ke baya kuwa, ko kallonsu kada a yi."

Muka bi doka. Dama wa ke son ƙarin aiki?

Sati uku muka yi muna da sinima a gida, ba mu taɓa kai fim ɗaya ƙarshe ba. Kunna ta kaɗai sai da rimot uku da ɗan allon rubutu da ake ɗorawa a gwiwa. In an samu an fara, ana tsakiyar magana mai daɗi sai ya tsayar.

"Ku dubi baƙin nan. A'a, ba fuskarta ba, inuwar bayanta. Kun taɓa ganin baƙi irin wannan?"

"Baba, don Allah ka sake mana," in ji Auta.

"Ku ai ba ku san darajar abu ba."

Sai ya shiga gyaran kala, daga nan ya koma gyaran murya, daga nan kwamfutar ta ce tana sabunta kanta, a jira. Yaran suka riƙa sulalewa ɗaki suna ƙarasa fim ɗin a waya. Ni ce ba ni da wurin gudu.

Gem ɗin ma da nasa labarin. Na tseren motoci ya saka, amma motar ba gudu take ba, tsalle take kamar kwaɗo. Ta tsaya cak, ta ɓullo a gaba, ta sake tsayawa.

"Likita, anya haka abin yake?" na tambaye shi. "Ni kamar yana sarƙewa."

Ya yi murmushin tausayi. "Idonki ne bai saba ba. Shekaru kina kallon hoto mai arha, dole sai a hankali."

A Asabar ta uku ya ce lokaci ya yi da duniya za ta gani. Ya gayyato yayansa, tsohon direban bas da ya yi ritaya, wanda duk muke kira Yaya. Ya gayyato Mai Magani, abokin aikinsa da ke ba da magani a asibitinsu, mutumin da ko Likita ya ce rana daga yamma take fitowa zai ce shi ma ya lura. Sannan ya gayyato maƙwabcinmu Mai Waya, wanda ke da shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin titi. Shi wannan ba don zumunci aka kira shi ba.

"So nake ya ga yadda ake aiki," in ji Likita. "Su sai dai su buɗe su rufe."

Ƙarfe huɗu na yamma suka hallara. Aka saki labule, na kawo shayi da biskit. Likita ya tsaya a gefen talabijin ya yi jawabi na kusan rabin awa, yawancinsa a kan katin hoto. Yaya ya cinye biskit ɗin gabansa ya fara na Mai Magani. Da ƙyar aka kunna gem. Motar ta fito, ta yi tsallen da ta saba.

"Kai!" in ji Mai Magani. "Kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Likita, wannan ai ya fi gaskiya kyau."

"Motar nan ba ta da lafiya," in ji Yaya. "Ni na san mota. Wannan mai ne ba ya kai mata."

"Yaya, ba irin motarku ba ce."

Mai Waya kuwa ya kurɓi shayi, ya kalli talabijin, ya kalli kabet, ya sake kallon talabijin. Can ya ajiye kofi.

"Ranka ya daɗe, ko zan iya leƙa bayanta?"

"Da ido kawai," in ji Likita.

Mai Waya ya tsallake layin salatif, ya durƙusa, ya haska da fitilar wayarsa. Bai yi minti ɗaya ba ya yi ɗan tari.

"Kebul ɗin da ya tafi talabijin, wa ya soka shi?"

"Ni da kaina. Babu wanda ya sa mini hannu a aikin nan."

"To, a ramin sama yake. Na katin hoto yana ƙasa, ga murfin robarsa ma ba a cire ba. Ƙaramin abin hoton da ya zo da kwamfutar ne ke ta wahala shi kaɗai. Katin nan naka, tun da ka saka shi zaman baƙo yake yi, sai dai ya kunna fitila."

Kafin Likita ya buɗe baki, Mai Waya ya zare kebul ya soka a ƙasa, ya kashe ya kunna. Motar ta fito ta miƙe a titi santsi kamar an shafa mata mai. Har ganyen itatuwan gefen hanya ana gani yana kaɗawa. Ni kaina sai da na ce "a'a."

Yaya ya fashe da dariya. Ya yi ta yi yana bugun cinya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa, ya sha ya ci gaba daga inda ya tsaya.

"Sati nawa ka ce? Uku? Ka sayi sabon inji ka ajiye a but, kana tura mota da hannu!"

"Ni dama na ɗan ga kamar da wani abu," in ji Mai Magani.

Likita ya juyo ya dube ni, na kuwa san abin da ke tafe.

"Malama, wa ya yi shara a bayan nan?"

"Likita, ga layinka nan inda ka ja shi," na ce. "Ka haska ka gani. Ƙurar sati uku ce kwance a wurin, ba sawun kowa a kanta sai gwiwar Mai Waya. In kana son a fara sharewa, ka faɗa a gaban yayanka in ji."

Yaya ya sake sarƙewa.

Abin bai tsaya nan ba. Yaya ya karɓi abin tuƙin gem ɗin, aka nuna masa totur da birki, ya kada ƙanensa sau huɗu a jere, yana yi yana ba shi shawara a kan yadda ake shan kwana. A zagaye na biyar Likita ya ajiye nasa ya dafe goshi. Ashe hoton da ke tafiya daidai juwa yake sa shi. Katin kuma, da ya samu aikin yi, sai fankokinsa suka tashi da gurnani kamar injin niƙa, kabet ya ɗau zafi har ƙofarsa ba ta taɓuwa. Mai Waya ya ce sai an huda bayan kabet iska ta samu hanya. Kabet ɗina. Ya faɗa cikin ladabi, ya yi godiyar shayi, ya tafi.

Da baƙi suka watse, na nemi Likita a falo ban gan shi ba. A kicin na same shi yana wanke kofuna, abin da rabon da ya yi tun muna sababbin aure. Yana ta murza kofi ɗaya da ya riga ya fita.

"Sati uku, Malama," ya ce, bai juyo ba.

"Na sani."

"Kuma kuka zuba mini ido."

"Na gaya maka tana tsalle. Ka ce idona ne mai arha."

Sai kafaɗunsa suka ɗan motsa, na kasa gane dariya ce ko me. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Na karɓi kofin na ce ya bari, ai dai ya haɗa abin da hannunsa kuma ya tashi, ba kowa zai iya ba. Washegari da kansa ya ɓamɓare salatif ɗin. Kafinta ya zo ya yi wa kabet ɗina ramuka shida a baya, na haɗiye takaicina. Ranar Lahadin nan muka kalli fim tun daga farko har ƙarshe, mu huɗu, sau biyu kawai ya tsayar. Na ce a raina mutumin nan ya yi laushi.

Bayan kwana goma na manta mukullina a gida, yaran kuma suna makaranta, sai na biya asibiti in karɓi nasa. Mai karɓar baƙi ta ce yana da mutum a kujera amma ya kusa gamawa. Na zauna a bencin da ke jikin ƙofarsa. Ƙofar ba a rufe take sosai ba, muryarsa na fitowa tar.

"Buɗe sosai. Yawwa. To, kamar yadda nake gaya maka, haɗa kwamfuta ba wasan yara ba ne. Akwai wani bawan Allah da na sani, ya yi aiki mai kyau, aiki na ƙwararru. Sai matarsa ta zo shara ta zare kebul, ta soka a ramin da ba shi ba. Sati uku yana mamakin abin da ke faruwa. Da aka kira ni, kallo ɗaya na yi na gano. Ka ji halin mata ko?"

Mutumin da ke kujera, baki cike da auduga, ya ce, "Aaa."

Na tashi na tura ƙofar. Likita ya ɗago, ƙyalle a hanci, ƙarfe a hannu, idanunsa suka yi waje.

"Sannu da aiki, Likita," na ce. Na dubi mutumin da ke kwance. "Sannu, malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ce matar wancan bawan Allah. Mukulli na zo karɓa."

Mutumin ya juya ido ya kalli Likita, ya sake kallona. Ya so ya yi dariya, audugar ta hana shi, sai wani sauti ya fito masa ta hanci. Likita ya laluba aljihu da hannun hagu ya miƙo mini mukullin ba tare da ya dube ni ba.

"Kurkure bakinka," ya ce da mutumin. "Ka tofar."