Waya a Bakin Mashaya

Ni na fara sa hannu, kuma ba na ɓoye wannan ko a gaban wa. Ranar Asabar ce da hantsi, muna zaune a falon Alhaji Muhammad Sani, shugaban ƙungiyar mazauna gidanmu, sai iska ta kwaso warin kashin shanu ta taga ta watsa mana a fuska. Alhaji ya dire kofin shayinsa, ya toshe hanci da hannun riga.

"Malam Abdulmalik, kai ne sakatarenmu. Abin nan har yaushe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau za a yi ta ta ƙare."

Na jawo takarda na rubuta wa kamfanin da ya sayar mana da gidan, cewa a zagaye mashayar da ke ƙarƙashin tagoginmu da waya. Wani ya ce a bar 'yar ƙofa. Na yi dariya. Ni za a gaya wa makiyayi? A ruga aka yanke mini cibiya. In ka bar masa ƙofa, da gaisuwa da ƙwaryar nono zai saye maigadi. Na ja layi a ƙarƙashin maganar: ban da ƙofa.

Gidan Casa ake ce wa wurin. Da can masana'antar casar shinkafa ce a bakin madatsar ruwa, kusa da Shagari. Ta shekara ashirin a rufe, sai jemagu, kafin kamfanin ya saye ta ya yanka ta gida goma sha biyu. Ƙarafan rufin a fili aka bar su, aka shafa musu baƙin fenti, bangon jan bulo ko filasta babu, wai haka ake yayi. Nawa yana can ƙoli. Tagata ta fi tsawon mutum biyu, kuma ruwa take kallo. Kullum kafin in wuce aiki Boɗinga sai na tsaya a gabanta na ji daɗi har cikin raina. Ɗan Baffa Manu na rugar Kajiji, wanda ya yi kiwo ba takalmi, yau shi ne a sama. Wallahi ina alfahari da abina.

Matata Nabila ce kaɗai ta yi ƙorafi.

"Baban Sakina, to shanun a ina za su sha?"

"Ruwa ya ƙare a duniya ne? Su zagaya gabas. Tafiyar awa biyu ce, saniya ba ƙafa gare ta ba?"

"Na Baffa fa?"

"Baffa yana da rijiya. Ni na sa aka haƙa masa."

Ta koma kan aikinta, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

* * *

Bazarar bana ba ta zo da wasa ba. Ni dai ban ji ta ba sosai, tunda daga sanyin gida sai sanyin mota. Wata uku ban leƙa Kajiji ba. Baffa ya kira ni sau biyu da wayar maƙwabcinsa, duka biyun ina cikin taro, na ce zan neme shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ina tsaye a tagata sai na hango garke yana gangarowa ta tsohon burtali. Tafiya suke kamar ana jan su, haƙarƙarinsu duk a waje. Da suka jiyo ƙamshin ruwa suka ɗaga kai, suka yi sauri, sai ga waya. Suka yi cirko-cirko suna tura hanci ta ramukanta. Ruwan yana gabansu, bai fi taku goma ba.

Na yi tsaki. Na buɗe taga zan ƙwala wa Ɗanmalam maigadi kira ya kore su, sai na ji makiyayin yana kiran shanunsa. Kiran nan da shi aka tashe ni kowace safiya tun ina rarrafe. Muryar Baffa ce.

A gaban garken wata farar saniya mai jan goshi ta dafa wayar da ƙirji, ta durƙusa, ta kife. Na san ta. Ranar sunana Baffa ya ba ni karsana, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a gidanmu, duk abin da ta haifa nawa ne. Zuri'arta aka riƙa sayarwa har na gama makaranta. Wannan ita ce ta ƙarshe.

"Nabila, bokiti! Kawo ruwa!"

Na sauka matakalar ƙarfen nan ba takalmi, ruwan yana zuba a ƙafata. Tunda babu ƙofa, sai da na zagaya ta babban titi. Kafin in isa Baffa ya juya ta gabas, ya sa wuƙa, don kada ta zama mushe.

Ya goge wuƙar a ƙasa, ya ɗago. Ya rame, leɓensa duk ya tsage.

"Maliki, kai na? Rijiyar ta ƙahe tun watan jiya. Kwana biyu muna bisa hanya, na ce in munka kai mashayar kakanninmu mun tsira."

"Baffa, sannu."

"An ce manyan gidan ga sunka rubuta takarda." Ya dafa kafaɗata. "Kar ka damu, yaro. Na san ba ka nan anka yi. Da kana nan, ba ka bari."

Ɗanmalam yana tsaye a gefe. Shi na aika da takardar. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni da nake da amsar kowace tambaya a wurin taro, sai na bar Baffa a kan zatonsa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na miƙa wa Baffa bokitin. Bai sha ba, ya ajiye wa wani ɗan maraƙi. Ya kwance igiyar wuyan saniyar ya rataya a jikin waya.

"Naman naka na, ku hau da shi, a ba jikanyata. Ni bari in bi da sauran gabas tun da sauran rana."

* * *

Washegari na tsaya a tagata kamar kullum. Iska tana shigowa tsaf, babu wari ko kaɗan. Alhaji ya ɗago mini hannu daga barandarsa, yana yaba aikin sakatare. A bayana firji yana ta gurnani, cike da naman da Nabila ta ƙi dafawa. Can ƙasa ruwa kwance lumui, igiyar tana lilo a jikin waya.