Maganin Citta na Dokta Rufus

Patricia na tono citta ta ƙarshe daga tukunyar gwaji lokacin da Dokta Rufus ya shigo, ya toshe hanci da hankici. Tukwane sittin ne, duk sun ruɓe. Waɗanda aka jiƙa irinsu a maganin Dokta ma sun riga sauran lalacewa da sati biyu. Shekararta tara tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji a Kafanchan, ba ta taɓa jin wari irin wannan ba.

"Bar wannan ƙazanta, zo ki sa hannu," ya ce, yana miƙa mata takarda daga nesa.

Ta wanke hannu ta karanta. Takardar ta ce haɗin ganyen dogonyaro da toka da Dokta ya ƙirƙiro ya ceci tsiro ashirin da bakwai cikin talatin daga ciwon ruɓewar citta. Ƙarƙashin sunansa akwai na shugaban sashe, wanda bai san hanyar gonar gwajin ba, sai na matar Dokta mai shagon atamfa. Na huɗu shi ne nata.

"Dokta, ko ɗaya bai tsira ba."

"Ƙasar tukwanen ce ba kyau. Da ta yi kyau, abin da zai fito ke nan. Ni na san maganina." Ya ɗora yatsa a kan sunanta. "Shekara nawa kina mataki ɗaya? Ga ƙarin girma na kawo miki har hannu. Ranar Asabar zan raba wa ƙungiyar manoma maganin, ina son komai ya kammala kafin nan."

Ya duba agogo, ya ajiye takardar a kan benci, ya fita da sauri. Ƙarfe goma za a buɗe taron bita kan gaskiya a aikin bincike, kuma shi ne babban mai jawabi.

Patricia ta bar takardar ba ta sa hannu ba, ta bi shi zauren taron, ta zauna a baya. An rataya ƙyalle mai rubutun zinare, an jera lemo da mitfai. Takardar halarta na yawo, kowa na sa wa kansa hannu, ya kuma sa wa abokansa biyu da ba su zo ba. Dokta ya fara da addu'a, sannan ya ce ƙarya a bincike zunubi ne, kuma irinta ce ta sa Turawa ke raina ƙasashe masu tasowa. Da ya zo kan talaka manomi, muryarsa har rawa ta yi. Ya ce duk wanda ya ga maguɗi ya garzaya ofishin kwamitin ɗa'a, ƙofa a buɗe take. Aka yi tafi mai tsawo, don an ga an fara buɗe kwalin mitfai.

Ƙofar kuwa a buɗe take. Madam Rosemary, sakatariyar kwamitin, ta saurari Patricia tana tauna mitfai.

"Ki rubuta kwafi uku, zuwa ga shugaban kwamiti."

"Madam, shugaban ai Dokta Rufus ne. A kansa nake ƙorafin."

"To ai ya zo da sauƙi, ba sai mun je nemansa ba."

Patricia ta ja kujera ta rubuta. Ta san Dokta ne zai cika fom ɗinta na ƙarshen shekara. Ta rubuta ranakun, da lambar kowace tukunya. Madam ta buga hatimi, ta ce kwamiti zai zauna bayan damina, in an samu kuɗin shayi.

A ƙarƙashin mangwaron bakin get, Patricia ta kira Baba Dogara, ƙanen mahaifinta. Bara ciwon citta ya cinye gonarsa kakaf. Irin da ke hannunsa bana surukansa ne suka taimaka masa da shi, buhu biyu, babu wani a baya.

"Baba, maganin da za a raba muku ranar Asabar, kada ka jiƙa irinka a ciki. Ni na gwada shi. Ruɓar da citta yake yi."

"Ke, Patricia! Fasto ya sanar a coci. Mutumin nan dokta ne fa, har rediyo ya yi magana."

"Ni na shuka, ni na tono, Baba."

Tana jin awakinsa na kuka a bayansa.

"Shi ya ce, ke kin ce," Baba Dogara ya faɗa a hankali. "To, ga yadda za a yi. Kwano ɗaya zan jiƙa, in shuka a kunya biyu can gefen rafi. Kunya biyu na kusa da su ba magani. In kafa sanda a tsakani don kada in rikice. Duk Lahadi bayan sujada zan kai maƙwabcina Nathan da sauran 'yan ƙungiya su gani da idonsu. Ko da laifi?"

Patricia ta juya ta dubi zauren. Malamai na fitowa layi-layi, kowa riƙe da satifiket ɗin halarta.

"Ba laifi, Baba," ta ce. "Ka sa 'yarka Ƙauna ta riƙa rubuta ranakun. Ranar Juma'a zan kawo muku littafi da biro."