Fitowar Babaji da Aka Cire

"A ba ni hanya, jama'a, abin nan da nauyi!" in ji Mannir, yana kutsawa ɗakin Babaji mai faci rungume da tsohuwar bidiyo, wayoyinta na jan ƙasa.

'Yan dubiya suka janye ƙafafu. Babaji na kwance, ciwon suga ya cinye shi har ya tafi da ganinsa. Jin muryar maƙwabcinsa ya sa ya ɗago kai.

"Ka samo?"

"Na samo, Baba. Sai da na je Batagarawa. Sagir ɗin da ya haɗa fim ɗin kiwon kaji yake yi yanzu, kaset ɗin da ba a tace ba na can ƙarƙashin buhunan dusa."

Duk unguwar Ƙofar Guga an san zancen. Shekarun baya, da aka yi fim ɗin nan na fatalwa mai ban tsoro da ban dariya, wanda har gobe ake kallonsa, Babaji ya rufe shago ya tafi aka yi da shi. Ranar da fim ya fito ya tara unguwa a ƙofar gidansa har da rabon goro, aka kalla daga farko har ƙarshe, ko ƙeyarsa ba a gani ba. Masu tace finafinai sun cire fitowarsa, sun ce an yi wasa da jana'iza. Tun daga ranar aka laƙaba masa "Jarumi", yana wucewa ana yi masa jinjina ta tsiya. Mannir kan ji haushin abin, don shi bai taɓa kama mutumin nan da ƙarya ba, ko a kan facin taya.

Ya haɗa wayoyi, ya hura kaset, ya tura. Hoto ya yi ta rawa kafin ya daidaita. Sai ga ƙarti ɗauke da makara, da gawa a naɗe cikin likkafani an bar fuskarta a buɗe, fuskar Babaji ce yana da ƙuruciyarsa da kumatunsa.

Ɗakin ya yi tsit. Wa zai yi dariya a wurin dubiya, mai gida na kwance rai a hannun Allah, ga shi kuma a likkafani cikin talabijin? Gwaggo Lami, matarsa, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Liman Malam Sada, wanda ko a gidan biki ba a ganin haƙorinsa, ya ɗaure fuska yana jan carbi.

A fim gawar ta buɗe ido ɗaya ta leƙa masu ɗaukarta. Ba wanda ya tanka. Babaji ya kasa kunne, ya yi ta jira.

"Mannir," ya ce a hankali, "an wuce wurin ido?"

"An wuce, Baba."

"To mi ya sa shiru? Ashe dai babu daɗi. Kashe abin nan hakanan."

Zuciyar Mannir ta karye. Mutumin nan ya haɗiye tsokanar unguwa shekara da shekaru don yaƙinin da yake da shi cewa ya iya, yanzu ladabin masu dubiya zai tura shi kabari da tunanin bai iya ba. Ya dubi jama'a yana roƙonsu da ido, kowa ya kau da kai.

Kafin yatsansa ya kai maɓalli, gawar ta cika kumatu ta zabga atishawa. Masu makara suka saki suka watse, sai mutum ɗaya da tsoro ya kafe, ya ce da gawar, "Yarhamukallah." Gawar ta tashi zaune ta amsa masa cikin ladabi.

Wani sauti ya kufce daga inda ba a zata ba. Liman ne. Ya danne baki da rawani, abin ya fi ƙarfinsa, ya fashe har carbi ya suɓuce masa.

"Astagfirullah! Kai Babaji, Allah Ya shirye ka!"

Shi ke nan ɗaki ya kece. Gwaggo Lami ta riƙe ciki tana share hawaye, matan tsakar gida suka cika ƙofa suna cewa a mayar baya.

"Wa ya hwara?" Babaji ya tambaya.

"Liman, Baba. Liman da kanshi."

Babaji ya mayar da kai kan matashi, ya gyara wuyan rigarsa kamar za a ɗauke shi hoto.

"Kuma hwa ɗauka ɗaya aka yi," ya ce. "Ba a sake ba."

Washegari bayan la'asar ya cika, Liman na laƙƙana masa kalmar shahada yana maimaitawa. Jama'ar da ta fito sallarsa ta toshe layi har bakin titi.

Da aka ɗaga makara Mannir ya sa kafaɗa ta wajen kai, ya ƙi bari a karɓe shi. Tafiya ake yi a hankali, ba ka jin komai sai sautin takalma. Har aka isa maƙabarta kunnensa na jingine da katakon, yana saurare.