Baba Majo da Dosiyen Rukaiya

"Sake karanta mini wurin nan," in ji Baba Majo. Da haɓa ya nuna takardar, don hannunsa na cikin na Rukaiya, tana ƙirga bugun jijiyarsa.

"Baba, ku bari in gama ƙirga."

"Casa'in da shida ne, na riga ki. Karanta."

Ta kai ƙarshen mintin, ta tarar casa'in da shidan ne. Ta rubuta cikin kaye, littafin rubutunta, sannan ta ɗauki wasiƙar da ta shirya don neman shiga karatun likita a Damagaram. Ta karanta layin a Faransanci yadda ta rubuta shi: a shekararta ta biyu a jami'a, matsalolin iyali ne suka ja makinta ƙasa.

"Wane iyali?" Tsohon ya gyara jingina a kan matasan da aka tara masa a baya. "Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanina da babanki Jibo. Ko akuyarku ta yi tari ina ji. Wace matsala ta same ku da ban sani ba?"

Rukaiya ta sunkuyar da kai. Iya Rabi, matarsa, tana daga bakin murhu ta ce, "Malam, ka bar yarinya ta sha iska mana."

"Iskar ai ni nake nemanta," ya ce, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sunansa na yanka Barmo, amma a Tanout, cikin ƙasar Damargu, sai ka yi da gaske kafin ka sami mai tunawa. Shekara talatin da biyar ya yi yana majo, wato shugaban masu jinya a ƙananan asibitocin karkara, waɗanda a nan ake kira likita. Ya zauna Olelewa, ya zauna Tarka, ya zauna Belbeji, a zamanin da ake ɗora akwatin allurar lamba a bayan raƙumi a bi makiyaya rijiya rijiya. Da ya yi ritaya ya dawo gidansa na gado, maƙwabcin Malam Jibo manomi, mahaifin Rukaiya. Yanzu zuciya ce ta gaji. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma ba ya iya kwanciya miƙe.

Ita kuwa Rukaiya ta gama shekara uku na ilimin halittu a jami'a. Takardar makinta ba ta da daɗin kallo: shekarar farko tsaka-tsaki, ta biyu ta faɗi warwas a kimiyyar sinadarai sai da ta maimaita jarrabawa, ta uku kuma ta tashi har malamai suka san sunanta. Bara ta ajiye dosiye, wato takardun neman shiga karatun likita, sunanta bai fito ba. Ta dawo Tanout ta shige ɗaki kwana goma, sai Baba Majo ya aiko a kira ta.

Bai yi mata jaje ba. Cewa ya yi makin da ya wuce ba mai goge shi, amma takarda tana da baya, ana iya rubutu a can. Ya tura ta wurin Madam Halima, wadda ke riƙe da likitar unguwa, ta yi aikin koyo ba albashi. Wata bakwai ke nan tana auna jarirai, tana wanke miki, tana fassara wa Fulani da Buzaye abin da aka rubuta musu. Da la'asar kuma ta zo gidansa da littattafan sinadarai, ya yi ta jefa mata tambaya. Da ciwonsa ya tsananta sai ya miƙa mata kaye sabo.

"Ga majinyacinki na farko," ya ce. "Ba ya biya, kuma yana da baki. Ki rubuta komai."

Ranar nan da ya ƙi wasiƙar, sai da Iya Rabi ta fita ɗebo ruwa sannan Rukaiya ta buɗe baki.

"Baba, ba abin da ya same mu. A lise, kafin jami'a, ni ce ta ɗaya kullum. Da na je Damagaram na tarar da waɗanda suka fi ni, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Malamin sinadarai yana magana ba na ganewa, kuma ina jin kunyar ɗaga hannu, kada a ce 'yar Damargu ba ta san komai ba. Daga baya ma na daina shiga ajinsa."

"A ta uku fa?"

"Na je wurin wata ƙawata na ce ta koya mini tun daga farko."

"To, rubuta wannan."

"Za su ce ba ni da kai."

"Watakila. Ban san masu duba dosiyen ba, ba zan yi miki alkawarin kowa ba." Ya huta, ya tara numfashi. "Shekarata ta farko a Tarka aka kawo mini mai naƙuda, yaro ya zo a gicciye. Ban taɓa gani ba sai a littafi. Ga tsohuwar ungozoma zaune a bakin ƙofa, ni kuwa da farar riga ina jin nauyin in tambaye ta. Na ɓata kusan awa. Allah ya sa ta gaji da kallona ta ture ni ta shiga. Uwar ta rayu, ɗan ma ya rayu, amma ba da wayona ba. Wanda ya taɓa jin wannan kunyar ya warke daga gare ta, ni shi zan ba hannuna ya yi mini allura."

Sau huɗu ta sake wasiƙar. Ta farko ya ce ta cika kuka. Ta biyu ya ce ta yi wa kanta kirari kamar maroƙiya. Ta uku ya gyara mata kalmomi biyu da jan biro. Ta huɗu ya saurara ido rufe, da ta gama ya ce, "Iya, yau a ɗan sa mini gishiri a miya."

"Lokotoronka ta hana," in ji Iya Rabi, tana nufin likitarsa Rukaiya.

"Lokotoron da ba ta ko ajiye dosiyen bana ba?"

"Ko ba ta ajiye ba ta hana."

Madam Halima ta ba ta takardar shaidar aikin koyo, da hatimi da sa hannu. Ranar Alhamis ce ƙarshen karɓar dosiye. Amma tun Litinin Rukaiya ta ga abin da kayen ke faɗi. Kumburi ya haura gwiwa, fitsari ya ragu, maganin da likita ya ƙara masa bai ƙara komai ba. Ta ce za ta ba direban mota ambulan ɗin ya kai mata.

"Direba zai amsa tambaya in sun yi?" ya ce. "Kawo kayen."

Ya bi shafukan da yatsa, a hankali, yadda ya bi na mutane dubbai. Ya rufe.

"Kin rubuta daidai. Kin kuma karanta daidai, na ga fuskarki. Amma a nawa lissafin ina da sauran kwanaki, sai abin da Allah ya yi. Ki tafi Laraba ki dawo Alhamis. Ina son jin yadda ofishin yake."

Ta tafi. Ta tsaya a layi tun hantsi har azahar. Matar da ke karɓa ta buɗe ambulan, ta ƙirga takardu, ta tsaya a kan shaidar aikin koyo ta ce, "Wata bakwai a Tanout?" Rukaiya ta ce e. Matar ta buga hatimi ta ba ta rasit. Iyakar abin ke nan.

Da ta dawo ko gida ba ta shiga ba, ta zarce wurinsa da jakarta. Ya sa ta maimaita maganar matar sau biyu.

"Da wace murya ta faɗa?"

"Da muryar mai jin yunwa, Baba."

"Madalla. Mai jin yunwa ba ta tsayawa a kan takarda sai ta ga wani abu."

Ranar Asabar da safe ya ce a fitar da shi tsakar gida. Kaka ce, amalanken jakuna sai wucewa suke ta ƙofar gida da dammunan hatsi, ana jin masu su suna yi wa juna barka. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar aduwa, aka jingina shi da bango. Malam Jibo ya shigo daga gona da zangarniya biyu na sabon hatsi, Iya Rabi ta gasa masa tumu a bakin wuta. Ya murza kaɗan a tafinsa, ya hure, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa.

"Jibo, bana kun samu."

"Alhamdu lillahi, Majo. Rumbu biyu ba za su ɗauka ba."

"To, sai a gina na uku."

Suka yi ta hira a kan gona, wace ta yi, wace tsuntsu ya ɓata. Amsarsa ta riƙa gajarta. Rukaiya na zaune gefe, ba ta ɗauko kaye ba. Da ta ga numfashin ya fara tsallake, ta matso ta kama hannunsa, ta dubi mahaifinta. Malam Jibo ya gane. Ya durƙusa kusa da kunnen abokinsa yana faɗin kalmar shahada a hankali, leɓen tsohon na bi. Bugun da ke ƙarƙashin yatsunta ya yi sauri, ya yi rauni, ya tsaya, ya dawo sau biyu, bai sake dawowa ba. Ta jira minti guda cur, kamar yadda ya koya mata, kafin ta ɗaga kai.

Iya Rabi na tsaye da ludayi a hannu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Rukaiya.

Malam Jibo ya shafe masa idanu. Kafin la'asar an kai shi makwanci, kuma mutanen da suka bi gawar sun cika hanya har bakin kasuwa.

Sati biyar bayan haka ƙawarta ta turo mata hoton jerin sunayen waɗanda aka ɗauka a waya. Sunanta na can ƙasa, biyu kawai ke bayanta. Ta duba sau uku. Mahaifinta ya ce a yi alwala a gode wa Allah, mahaifiyarta ta fara lissafin abin da za a daka mata na guzuri. Ita kuwa ta sa mayafi ta zaga gidan Iya Rabi.

A ƙofar gidan ta tarar da raƙumi a durƙushe. Wata tsohuwar Buzuwa ce ta zo gaisuwa daga kwarin Tarka, sai yanzu labarin ya iske su a rijiya. Tana zaune gaban Iya Rabi ta naɗe hannun riga, tana nuna tabon lamba a damtsenta, tana cewa da Hausarta mai karyewa Majo ne ya yi mata, shi ya yi wa 'ya'yanta takwas.

Rukaiya ta gaishe su, ta durƙusa ta faɗa wa Iya Rabi a kunne. Iya Rabi ta riƙe kan Rukaiya da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta goge ido da bakin zanen takaba, ta juya ga baƙuwar.

"Wannan 'yarsa ce ta aiki. Za ta tafi karatun lokotoro."

Tsohuwar ta ƙare wa Rukaiya kallo. Ta juya ta kwance goyon da ke bayanta, jikanya ce 'yar wata shida, idanunta sun yi ja sun manne da kwantsa. Ta ɗora ta a cinyar Rukaiya.

"Ban fara ba tukuna, Inna," in ji Rukaiya. "Zan raka ku likita. Amma bari in gani."

Ta roƙi Iya Rabi ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta. Ta juya jaririyar wajen haske, ta fara goge idon daga ciki zuwa waje. Yarinyar ta yi ƙaramin kuka, sannan ta kama ɗan yatsanta ta riƙe.