Alli a Hannun Kiren

"Ƙara ɗagawa! Ko so kake in duro ta taga?" Baba Mai Walda ya daka wa direban tsawa daga ɗakin sama, da muryar da ciwo ya cinye rabinta.

Direban, wanda duk layin ke kira Gajere, ya ja liba a hankali. Hannun kiren, motarsa ta ɗaga kaya, ya miƙe har ya tsaya daidai tagar tsohon. Maƙwabta suka firfito, har da tela da almakashi a hannu.

Gajere ya gaji da mayar da manyan ayyuka saboda motar ba ta iya ɗaga su, shi ya sa ya kawo ta gidan maƙwabcinsa Baba a ƙara wa hannun kauri, a faɗaɗa ƙafafun da take dogarawa. Sai dai Baba ya kwanta, matakala ma ta gagare shi. 'Yarsa Auta ce ta yi aikin kaf. Tun tana ƙarama take riƙe masa waya, amma bai taɓa ce mata aikinta ya yi ba. Kuma a gidan nan ƙarfe ba ya fita sai Baba ya ƙwanƙwasa shi ya sa masa alli. Likita ya riga ya faɗa wa iyalin gaskiya, shi ya sa Gajere ya ce tunda Baba ba zai sauko wurin ƙarfe ba, ƙarfe zai hau wurinsa.

Ya ja birki ya haura da gudu. Ya tarar Inna, matar Baba, ta tallafe mijinta da filo a bakin taga. Auta na tsaye jikin ƙofa, tana ta murza safar walda kamar mai wanki.

Baba ya karɓi ƙaramar guduma ya buga ɗinkin waldar. Ya kasa kunne. Ya matsa gaba ya sake bugawa. Gajere ya saci kallon Auta.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Kai ma ka sani, Baba," in ji Auta.

"Ni dai na san ba ni ba ne. Nawa bai taɓa yin kyau haka ba."

Inna ta ce, "Yau kuma? Ashe bakinka ya iya!"

Ɗakin ya ɓarke da dariya, Auta na yi tana share ido da bayan hannu. Baba ya juyo kan Gajere.

"Kai kuma kada ka ga an ƙara mata ƙarfi ka ce za ka ɗauki duniya. Ka kafa ƙafafun a ƙasa mai tauri, ka fara da kaɗan."

"To, Baba."

"To ɗin nan naka na san shi. Je ka gwada, ina kallo."

Gajere ya sauka, ya ɗaure tsohon injin da ya shekara a bakin gareji ba wanda ya iya motsa shi. Sarƙa ta miƙe, motar ta yi nishi, injin ya rabu da ƙasa, ƙadangaru suka watse daga ƙarƙashinsa. Layin ya kaure da shewa. Daga taga Baba yana ta dukan katako da tafin hannu, murna ta cika shi fal.

Da aka mayar da hannun kiren taga, ya nemi alli. Alamarsa da'ira ce, amma ya kai rabi hannunsa ya zame. Ya miƙa wa Auta.

"Ƙarasa. Daga yau ke za ki riƙa sawa."

Bai ƙara mako ba ya rasu, da hantsi, Inna na ba shi labarin yadda tela ya kusa yanke yatsa garin kallo. Ta ce da murmushinsa ya tafi.

Bayan an dawo daga maƙabarta hadari ya taso. Gajere ya bar mutane a rumfa, ya hau bayan motar da leda da salatif. Ya lulluɓe da'irar allin da ledar, rabi a karkace rabi daidai, ya bi gefen da babban yatsa yana dannawa, ruwa na fara ɗiga masa a wuya.