Murhun Ustaz Hammu

Ustaz Hammu na hango hayaƙi yana fita ta bututun ajinsa, sai ya saki burodin da ke hannunsa ya zuba a guje. Rabonsa da gudu tun kafin tumbi ya fito masa, ga dusar ƙanƙara har ƙauri, saboda haka abin da ya yi bai wuce saurin agwagwa ba. Yaran da ke hawowa daga ƙauye, kowa rungume da guntun icen da akan kawo wa aji da hunturu, suka tsaya suna kallonsa cikin ladabi.

Kwana da kwanaki ke nan da ya hana hura wuta a ajin, saboda kifi. Ma'aikatan gandun daji ne suka zo daga garin Azru da ƙwan wani kifi da ake kira tirut a akwatin gilashi, suka ce yara su rene su, in bazara ta kama su sake su a rafin ƙauye, wanda sabulun wanki da masu raga suka cinye kifinsa. Da aka tambayi malamai wa ya san kifi, Hammu ya riga kowa ɗaga hannu. Ya zaci ci za a yi. Sharaɗi ɗaya aka ba shi: wannan kifin ɗan ruwan sanyi ne, ruwan ya yi ɗumi, ya mutu.

Ya banke ƙofa. Murhun ƙarfe ya yi jawur. An jawo teburin akwatin har gindinsa, an lulluɓe shi da farin bargon ulu, irin wanda mata ke saƙawa su adana. Lalla Itto, kakar ɗalibarsa Tuda, wadda mabuɗin makaranta ke kwana a gidanta, tana zaune a kujerarsa tana ƙara ice.

"Lalla! Wa ya hura wutar nan?"

"Aljanu. Rufe ƙofa, ɗana, kana shigo musu da iska."

"Kashe su za ki yi!"

"Ni? Kai dai da ka bar jarirai tsirara a ruwan ƙanƙara. Ɗan rago in aka haife shi da hunturu, ina ake kai shi? Gindin murhu. Waɗannan ko uwa ba su da ita. Na ma ɗan sirka musu ruwan da na buta."

"Kifi ne, Lalla, ba tumaki ba."

"To, kifi ba bawan Allah ba ne?"

Hammu ya yaye bargon. 'Ya'yan kifin, waɗanda ba su kai tsawon ashana ba, sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Ma'aunin zafin da ke cikin ruwan ya haye inda ma'aikatan suka ja masa jan layi. Yara suka yanyame teburin.

"Ustaz," in ji Tuda, "ga ɗaya can ya karkace."

"Wanne?"

"Mai tumbin nan. Wanda muke ce wa..." Duk ajin ya sunkuyar da kai.

Hammu ya gane sunan: nasa ne. Bai san ana iya cin mutuncin mutum kuma a sa shi jin tausayin mai sunansa a lokaci guda ba.

"Ƙanƙara!" ya daka tsawa. "Kowa waje! Ku cika robobin ruwanku, ku rufe da kyau!"

Suka watse. Wasu suka dawo da robobi, wasu da dusar cike da hular jallabiyarsu. Aka janye teburin daga murhu, aka riƙa saka robobin cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya, don ya tuna an ce kar a sauya musu zafi farat ɗaya. Ban da sharaɗin sanyin, wannan kaɗai ya riƙe daga bayanin ma'aikatan, sauran ya wuce yana shan shayin da aka raba. Sannu a hankali ma'aunin ya sauko. Mai sunan nasa ya miƙe, ya kaɗa jela, ya nutsa ƙasa kamar ba shi ba.

"Alhamdu lillahi. Yanzu a kashe wutar nan."

Lalla Itto ta tashi ta tsaya gaban murhun, ta riƙe ƙugu.

"Taɓa ta mu gani. Jikata tari take yi kamar tsohuwar mota. Jiya sai da na murza mata yatsu da man zaitun kafin ta iya kama burodi. Karatu na aiko ta, ko gadin kifi?"

Ya buɗe baki zai yi mata jawabi kan rafi da amanar 'yan baya, jawabin da shi kansa yake burge shi. Sai idonsa ya faɗa kan yaran. Sun cire safar hannu. Tururi na tashi daga rigunansu. Tun da ƙwan suka ƙyanƙyashe bai ga kunnuwan yaran a waje da hula ba sai yau.

"To, sai a kai kifin inda ya fi ko'ina sanyi," ya ce a gajiye. "Ina ne?"

"Ɗakin Ustaz!" ajin ya amsa baki ɗaya, kamar karatun hadda.

Laifinsa ne. Shekara da shekaru ba ya gama darasi, ko na lissafi ne, bai ambaci ɗakinsa da ke bayan makaranta ba, inda shayi ke hucewa tsakanin buta da kofi. Ya roƙi hukuma murhu har manyan ofis suna ɓuya in sun hango shi. Jiya aka kafa masa sabo fil. Yau da la'asar ya shirya hura shi, har ya sayo naman da zai yi tajin, wato dahuwar tukunyar ƙasa.

"Ai can yanzu akwai murhu," ya ce.

"An hura?" in ji Lalla Itto.

"Ba a hura ba."

"To."

Aka kwashe rabin ruwan a bokitai, manyan yara suka ɗauki akwatin a hankali kamar ƙwai. Wuri ɗaya ne kusa da soket ɗin da za a jona injin da ke ba kifin iska a ruwa, kuma mai faɗin da zai ɗauki akwatin: kan sabon murhun.

Da la'asar, bayan an tashi, Hammu na zaune bakin gado da jallabiya biyu, yana kallon numfashinsa, sai aka ƙwanƙwasa. Lalla Itto ce, da farin bargon a ninke.

"Ungo. Tunda su ba sa so."

"Allah ya saka, Lalla. Bazara da saura?"

"Da saura sosai. In abin ya ishe ka, ka gangaro gidanmu. Akwai wuri gindin murhu, kusa da 'yan raguna."

Ta tafi. Ya yafa bargon, ya ɗauki ashanar da ya ajiye tun jiya ya jefa aljihu. A cikin gilashi, mai sunansa ya ture 'yan'uwansa ya cafke abincin da ya fi girma.